Garkar Dabaga da Kwandon Alkama

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki daga sharrin baƙunta, ya haɗa ki da mutanen kirki a lakwal ɗin da aka tura ki koyarwa a Arlit. Ki gaida gwaggonki da duk mutanen gidanta.

Labarin gida ba zan ba ki ba. Direban da zai miƙa miki takardar nan ya fi ni baki, zai ba ki har da wanda bai faru ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, da wannan rubutu nawa na yaƙi da jahilci da kike yi wa dariya, magana ɗaya ce da na kasa faɗa miki ranar da muka raka ki tasha. Innarki ta yi miki faɗan salla da na kamun kai da na zaman gidan mutane, ta share su kaf ba ta bar mini komai ba. Tawa daban ce. Ina so tun kina baƙuwa ki nemi mutum ɗaya a garin nan wanda ya san doka, wanda za ki iya shiga wurinsa gabanki bai faɗi ba. Ko aboka ne, wato lauya kamar yadda ake faɗa a rediyo, ko wani mai izinin rubuta wa mutane takardun shari'a, duk ɗaya ne a wurina. Na san za ki ce me ya haɗa malamar lakwal da shari'a. Haka ni ma nake cewa, har na kusa rasa garkarmu ta Dabaga. Kin san an yi rigimar, amma lokacin kina karatu a Damagaram, kuma abin da ya iso kunnenki wanda na tace ne. Yau zan ba ki shi da tsakuwarsa.

Garkar nan a hannun Sidi na saye ta, kina ƴar shekara huɗu, kafin farin farko, kafin soja su karɓi mulki. Sidi Ba'abzine ne, aminina tun ina karɓar gishirin Fachi a hannunsa ina sayarwa a kasuwa. Garka biyu gare shi a Dabaga. Shi yana so ya ƙara raƙuma cikin ayari, ni kuma ina son wurin da zan taka in ce nawa. Muka zauna gindin dabino a gaban mutum uku, limamin ƙauyen da dattawa biyu, aka yi ciniki, aka shafa fatiha, aka sha shayi. Da na dawo gida innarki ta ce, “Malam, ba a rubuta komi?” Na yi mata kallon wadda ba ta san zaman maza ba. Na ce Sidi ne fa. Mutumin da muke cin kwano ɗaya, in ce ya dangwala mini hannu a takarda? Ai na zage shi ke nan.

Sidi bai ci amanata ba har ya koma ga Allah, wannan ki riƙe. Abin da ban yi tunani ba shi ne, shaidu ma mutane ne. Liman ya rasu. Fari ya kori dattijo ɗaya ya yi arewa da iyalinsa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Na ukun yana nan da rai, amma ƴaƴansa ma ya daina gane su. Saboda haka duk abin da kika ƙulla da mutum, ɗakin haya ne, fili ne, keken ɗinki ne kuka haɗa hannu kuka saya da ƙawarki, a rubuta. Na san kunyar da ake ji, ni ta ci. Amfanin mutumin da nake ce miki ki nema ke nan: shi ke ɗaukar miki kunyar. Ba za ki ce wa ƙawarki ba ki yarda da ita ba, cewa za ki yi mai dokar nan ne ya matsa, kuma kowa ya san halinsu da takarda.

Akwai wani abu da na yi wanda har gobe ba na kiran sa kuskure, amma shi ya kusa kashe ni. Tun shekarar da garka ta shigo hannuna, duk lokacin da aka yanke alkama sai an kai kwando ɗaya gidan Sidi. Alheri ne kawai. Shi ya haƙa rijiyar, shi ya dasa rabin dabinon, ina jin nauyin in ci ni kaɗai. Bayan ya rasu ma ban fasa ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san awo, amma al'adar masu garka ban san ta ciki da waje ba. Ashe a wurinsu wanda aka ba aron ƙasa shi ke aika wa mai ita da kwando kowace shekara, don kowa ya san ƙasar ba tasa ba ce. Shekara da shekaru mutanen Dabaga suna ganin kwandona yana shiga gidan Sidi, ni ina ganin zumunci nake yi, su suna ganin ɗan aro mai cika alkawari.

Da fari na biyu ya zo, rijiyoyin Dabaga suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu tana kusa da ƙorama, ta ja baya amma ba ta mutu ba. Ta gidan Sidi ta zama rami, raƙumansu suka ƙare. Sai ga babban ɗansa, Alkasum, wanda ya sha goya ki a kafaɗa kina yarinya, ya same ni a rumfa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, garkag ga aro ce, haka na ji ga mutane, kuma kwandonka bai taɓa tsallake shekara ba. Ba mu ce ka tashi ba. A ba mu gehe guda da ruwa, mu samu abin da tsohuwa za ta ci.”

Uwani, kin san ubanki da zuciya. Kalmar aro kaɗai na ji, sauran maganar duk ta wuce ta bayan kunnena. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. A lokacin kuwa kowa ya san masu gari. In kana da sanin mai kaki, ko akuya ce ta ci maka shuka can kake kai kuka. Akwai wani sarzan na soja da ke sayen dabino a rumfata, na je na kwashe masa labari yadda ya yi mini daɗi. Ya aika aka kawo Alkasum, aka zaunar da shi cikin rana tun hantsi har la'asar, aka sa ya kwance rawaninsa a gaban jama'a. Ke ƴar Agadas ce, ba sai na gaya miki abin da buɗe fuskar Ba'abzine a bainar mutane yake nufi ba. Ranar, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce gobe ma ya ƙara.

Bai ƙara zuwa wurina ba kuwa. Jastis ya tafi, wato kotu, kuma wannan karon ba gefe ya nema ba, garkar duka ya nema. Mutanen Dabaga da ke gaishe ni da hannu biyu suka koma bayansa. Sarzan kuma ba a yi wata biyu ba aka ɗauke shi zuwa wani gari. Ki ji ni da kyau: mai kaki yana iya tsorata miki mutum, amma ba ya kashe miki magana, sai dai ya hura ta. Shi a ɗauke shi, ke a bar ki da maƙwabtanki. Duk ranar da wani ya ɓata miki rai har kika ji kina laluben wa kika sani a bariki, ki sha ruwa, ki kwana, da safe ki je wurin wanda zai gaya miki abin da doka ta ce.

Da takardar kira ta zo, sai hankalina ya tashi, na yi wauta ta gaba. Na ce ni babban aboka zan ɗauka, wanda sunansa kaɗai zai sa zuji, alƙalin gwamnati, ya gyara zama. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, har Yamai, na isa ƙashina duk ya kwance. Biro ɗinsa, wato ofishinsa, a bene yake, sanyi kamar cikin randa. Kwana uku ina zuwa ina zama kan kujera kafin a shigar da ni. Da na shiga bai ɗago kai sosai ba. Yana magana da Faransanci, sakatarensa yana juya mini. Tambaya uku ya yi. Akwai takarda? Na ce babu. Akwai shaidu? Na ce sun watse. Kana ba su wani abu daga amfanin garkar? Na ce kowace shekara. Ya rufe alƙalaminsa ya ce, “C'est perdu, mon vieux.” Sakatare ya ce mini, “Ya ce ka hwaɗi, tsoho.” Ni kuwa na ce to, na gode. Sauran labarin yana nan cike da bakina, amma na ga ya dubi agogo, sai na haɗiye shi na fito.

Ba na zagin mutumin nan. Ya san littafinsa, kuma duk wanda aka ba amsoshin nan uku abin da zai faɗa ke nan. Laifina ne da na yi wa rogo kallon kitse, na zaɓi wanda nake jin tsoro. Mutumin da ba ki iya ce masa ban gane ba, a sake mini, ba zai amfane ki ba ko da shi ya rubuta dokar. Kada kuma ki ce ke kin yi lakwal. Faransancin aji daban, na jastis daban, na ga mushe, wato malaman lakwal, da yawa suna gumi a gabansa.

Na dawo Agadas na kwanta kwana biyu ban fita rumfa ba. Garkar nan ita ke ci da mu a shekarun, don kasuwar gishiri ta mutu tare da raƙuma. Innarki ta ce in je wurin Metir Bukar, shi ya yi wa maƙwabciyarmu takardun gidan da mijinta ya bari. Na ce wannan mai tsohon keken? Na Yamai mai bene ya ce na faɗi, sai mai shan shayi a tabarma ne zai tashe ni? Ta ce, “To kwanta, garka ta zo ta iske ka.” Da na ga ba ni da wata dabara, na saɓa riga na tafi.

Metir Bukar mutumin Damagaram ne. Ya daɗe yana magatakardan zuji, da ya ajiye aiki aka ba shi izinin rubuta wa mutane takardu da raka su jastis. Ɗakinsa yana bayan rumfunan dukawa, ƙofa a buɗe, tabarma da benci da injin buga takarda. Na tarar da wata tsohuwa tana ba shi labarin jikanta da aka hana shiga lakwal don ba takardar haihuwa, yana saurarenta kamar ba wani aiki a duniya. Da ta fita ya ce, “Zamna, Malam Alhasan. In hwaɗa maka tun yanzu, ni ba aboka ba ne irin na Yamai. Abin da na iya in yi maka, wanda ya hi ƙarhina in nuna maka ƙohwar da za ka.” Ya ɗora shayi ya ce in fara masa daga ranar da na san Sidi.

Na yi ta zuba, na shiga nan na fita can, har labarin raƙumin da ya taɓa cizona na ba shi. Bai katse ni ba. Maganar sarzan kaɗai na tsallake. Da na yi shiru ya miƙo mini kofi na uku ya ce, “To, saura sarzan.” Sai da na ƙware. Ya ce, “Agadas duk ta sani, ni ɗaya za ka ɓoye ma? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ban ji ta ga bakinka nan ba, ga bakin Alkasum za ni jin ta gaban zuji, sannan ba ni da abin cewa.” Na sunkuyar da kai na faɗa masa duka. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce ba komai ba. Ke ma in kin sami naki, ki fara ba shi abin da kika fi jin kunyar faɗa, don shi abokin shari'arki zai fara fitarwa.

Sai ya koma kan kwando. Ya ce, “Wa ka auna alkamar?” Na ce uwargida. Ya ce, “Kwando nawa taka aunawa?” Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Ni dai nakan ce a kai na gidan Sidi, in fice kasuwa. Ya ce, “Bon. Gobe in zo in gaishe ta.” Na ce ai mata ba su shiga maganar shari'a. Ya dube ni ya ce, “Wadda ta ce maka a rubuta tun ranar hwarko?” Na ma manta cewa na gaya masa wannan.

Washegari ya jingina kekensa a ƙofar gida, muka zauna a zaure, innarki ta fito da mayafinta ta zauna bakin ƙofa. Ya tambaye ta. Ta ce, “Biyar ne, Metir. Na gidan Sidi, na gidan liman, na ungozomar da ta karɓi haihuwar Uwani, na wata makauniya can Dabaga, da na maƙerin da ka gyara muna kayan rijiya. Da kwano guda nika aunawa, ba wanda ya hi wani. Shekarar da garka ba ta yi komi ba, ga kasuwa na sayi alkama na aika, don kar su ce mun mance su.” Metir ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Malam, in kwando shi ne shaidar aro, iyayen gida biyar gare ka. Kuma ban taɓa jin ɗan aron da ya sayo alkama kasuwa ya biya rabon garkar da ba ta haihu ba.” Ni kuwa ina zaune kamar baƙo a gidana. Shekarun nan duka matata tana raba alheri da sunana ban sani ba, na kuma tafi har Yamai neman abin da ke cikin ɗakinta.

Metir ya bi mota ya je Dabaga da kansa, ya zauna da maƙeri da ungozoma da matar marigayi liman. Ba su so zuwa ba saboda abin da na yi wa Alkasum, amma ya ce musu ba ya neman su so ni, abin da suka karɓa kawai za su faɗa. Ranar shari'a zuji ya zauna da dattawa biyu masana al'ada a gefensa. Metir ya riga ya gaya mini abin da zan fara da shi, na kuwa yi: na tashi na faɗi maganar sarzan da bakina, na ce na yi zalunci, na nemi gafarar Alkasum a gaban kowa. Sannan shaidu suka yi magana. Maƙeri ya ce, “Ni ko taki guda na garka ban taɓa mallaka ba, kuma kwandon ga bai taɓa wuce ƙohwata ba.” Dattawan suka dubi juna. Aka yanke cewa garka tawa ce, aka ba ni takarda da hatimi, tana nan cikin akwatin innarki, don na daina yarda da kaina wajen ajiya.

Irin wannan mutumin nake so ki nema, kuma na tabbata akwai shi a kowane gari, sai dai ba shi da allo babba. Kada ki tambayi manya, su wanda suke cin abinci tare za su nuna miki. Ki tambayi mata masu sayar da abinci a bakin jastis, su ke ganin fuskar kowa in ya fito. Ki je masa tun ba ki da damuwa, da ƙaramin abu, ko takardar hayar ɗaki ce in kin tashi barin gidan gwaggonki, ki ga yadda zai karɓe ki. Karon farko ki tafi da gwaggonki. In kina magana yana amsa wa namijin da ya rako ku, ki yi masa sallama. In tun bai ji ƙarshen labari ba ya rantse za ki ci, ko ya fara lissafa miki hafsoshin da ya sani, ki nemi takalminki. Ladan aikinsa ki tambaya tun farko ba kunya, na kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda kika ji ya ce wannan ban sani ba, bari in bincika, ki riƙe shi. Ke kin fi ni ilimi, kin kuma gaji kan innarki, ba na jin za ki sha wuyar gane shi.

Saura abu ɗaya, shi ne mai nauyin. Da muka fito daga jastis ina ta murna, Metir ya ja ni gefe ya ce, “Ka ci garka. Yanzu ba yaron ga abin da ya roƙa tun hwarko, gehe guda da ruwa. In rubuta aro ne, kowa ya dangwala, ba mai jin tsoron wani.” Na yarda nan take, don a lokacin na riga na huce, na kuma san yunwa ce ta kawo shi rumfata ba sata ba. Muka same shi gindin bango yana ɗaure takalmi. Na faɗa masa. Ya gama ɗaure takalminsa, sannan ya ce, “Ruwa na roƙa, Baba, ka sa anka kwance mini rawani. Riƙe ruwanka.” Bai ɗaga murya ba. Kafin wata ya ƙare ya rufe gidan ubansa, ya ɗauki tsohuwarsa suka bar Dabaga.

Garka tana hannuna, rijiya ta dawo, bana dabino ya yi kyau. Amma duk ranar da na je sai na wuce ta ƙofar Sidi a rufe, kuma raina yana ɓaci, don na san ba fari ne ya rufe ta ba. Da na san Metir Bukar kafin ranar da yaron nan ya durƙusa a rumfata, da shayi uku sun kashe maganar.

An ce mini Alkasum yana nan Arlit, yana gadi a wani gida, tsohuwar tana tare da shi. Ban ce ki kai masa saƙo ba, ba ki da laifi a ciki, ba kuma zan ɗora miki kayana ba. Amma garin ba shi da girma, wata rana za ku haɗu. In kin gan shi, ke za ki fara gaishe shi, ki kira shi yaya kamar da. In ya amsa, ki rubuto mini. In bai amsa ba, kada ki ji haushinsa, yana da gaskiya.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya raba ki da tsayuwa gaban zuji ko da kina da gaskiya, ya sa yaran da kike koyarwa su zama masu jin magana fiye da ubanki. Allah ya jiƙan Sidi, ya sanyaya zuciyar ɗansa, ya ba mu damina mai albarka. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ni ne mahaifinki,
Alhasan, Agadas